Ban kwanan da yac ci keken Tanti Jacqueline

Ke dai bari, kwaɗon nan naki mai ƙyalli ba shi ka tsare ɗaki ba. In kina gardama, zo gidan hayarmu nan Dutsi, bayan kasuwa, in gwada miki Tanti Jacqueline.

Tela ta. Shekara huɗu ɗakinta na manne da nawa. Mutuniyar wajen Ɗan Kassari ta, mijinta ya rasu, keken ɗinkinta shi ka ci da ita. Ga gaisuwa kamar me. In ta tare ki bakin hamho sai ta tambayi lahiyar innarki, ta tambayi akuyar innarki. Ita ka yi muna kayan salla, ran Lahadi ta ɗaura kallabi ta tahi majami'a.

Duk kaka takan je gida roron wake. Bara da za ta tahi, tay yi abin da kowa ka yi, ban kwana. Gida-gida tab bi. Mai ƙosai, mai nama, har 'yan kabu-kabu na bakin titi. "Za ni gona, sai bayan sati ukku." Kowa yac ce Allah shi kiyaye hanya. Tas sayi kwaɗo ƙato tam maƙala waje, kina hango shi tun daga zaure.

Kwana biyar da tahiyarta, ran kasuwa, rana tsaka, gidan ba kowa. Nid dawo nit tarar da kwaɗon shina nan lahiya lau, a kulle. Ƙohwar anka ɗaga gaba ɗaya. Ashe gara ta daɗe da cinye katakon da ka riƙe ta. Ɓarawo yak kwance kan keken, yab bar mata ƙahwahun.

Da tad dawo ba ta yi kuka ba. Taz zamna bisa tabarma tana kallon ƙahwahun nan, can tac ce, "Shamsiyya, ai ni nig gayyato shi. Har ranar dawowata na hwaɗa mishi."

Wata takwas tana ɗinki da keken aro a shagon wani. Tas saida wakenta da ragonta, tas sayi wani keke. Sannan tat tahi wajen mai gidan, Alhaji Abdulwahid, ni kuwa na bi ta don jin kwakwab.

"Alhaji, ƙohwar ƙarhe za ni sa."

"Madam, gidan haya na. Ba a taɓa mini gini."

"Ɓarawo ya taɓa ai, bai ko yi maka sallama ba."

"To in kin tashi hwa?"

"In tahi da abata, in maida maka taka. Gara ma ta yi kewarta."

Alhaji yay yi dariya har tasbaharshi ta hwaɗi. Ya yarda.

Munkaila mai walda yay yi mata ƙohwa, anka dasa ta da siminti, anka sa ƙaruhwa ga taga. Makullin a cikin jikin ƙohwar shike, ba abin da ka lilo waje. In kin tsaya gabanta ba ki sanin da mutum ciki ko babu.

Bana da wake yan nuna, tak kira ni ɗaki. "Gobe za ni."

"Kin yi ban kwana?"

"Ga shi ina yi. Ke ɗai."

Tab ba ni aiki. Kullum sahe in share mata ƙohwa, in watsa ruwan wanke-wanke, in shanya zanenta bisa igiya. Takalminta na bakin ƙohwa yau shi dubi gabas, gobe yamma. Tah hita da 'yar leda kamar za ta kai ɗinki.

Abin ya yi kyau har ya wuce. Lahadi biyu ba a gan ta majami'a ba, ga zane shanye, sai aminiyarta Tanti Odette tay yi zaton ciwo na. Taz zo dubiya da kwanon tuwo, tana ta sallama da ƙarhi. Nij jawo ta ɗakina.

"Tana gona, Tanti. Sassauta murya."

"Gona? Ba ban kwana? Shekara ashirin benci guda muka zama."

"Don keken ta yi."

"Wato ni ɓarauniya ta."

"A'a Tanti. Bakinki dai rediyo na."

Na san bai kamata in hwaɗi haka ba, amma ya hita. Tad dire kwanon tat tahi. Tuwon ni nic cinye, miyar kuka ta, da man shanu.

Satin nan dai Yazid mai saida waya, na ɗakin ƙarshe, yat tahi Kiéché biki. Ya sallami kowa, ya jera kwaɗo ukku. Da yad dawo, ko katihwa bai iske ba.

Tanti Jacqueline tad dawo bisa amalanke da buhunan wake, tab buɗe ƙohwa, keke na nan lulluɓe yadda tab bar shi. Tas shahwa kanshi, tac ce in kawo mata ruwa.

Yanzu wata biyu ke nan Tanti Odette ba ta amsa gaisuwarta. Ta sake benci. An kai mata tiyar wake, ta maido. Matan unguwa na cewa zaman gari ya ɓata Jacqueline, mace ta tahi kamar mai gudun hijira. Abin na cin ta, ina gani, don wani lokaci takan tsaida keke in ta ji takun mace a zaure. Amma da nit tambaye ta ko baɗi za ta yi ban kwana, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Odette za ta huce. Keken hwarko ya dawo?"

To ke, in gobe za ki gona, hushin aminiyarki za ki ɗauka ko ƙahwahun keke?