Jan Babur ɗin da Na Sayo a Ikara

Ina da shekara arba'in da biyu na sayi babur ɗin tsere. Ni malamin dabbobi ne, ofishinmu yana Makarfi, gidanmu kuma yana Nasarawan Doya. Aikina yawon ƙauyuka ne: allurar awaki, duba shanu, wani lokaci taimaka wa tunkiyar da haihuwa ta zo mata da gardama. Na daɗe ina wannan yawo a kan wani ƙaramin babur, 'yar roba-roba, wadda idan na ɗaura mata jakar magani sai ta riƙa nishi a kowane hawa. Ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma zuciyata tana wani wuri. Tun ina ɗalibi nake sha'awar manyan baburan nan da samari ke kira fawa-baik, waɗanda mahayinsu yake duƙawa a kan tanki kamar mai leƙa rijiya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai wani abokina bakanike da ke da rumfa kusa da kasuwar Makarfi, shi ma dariya ya yi mini.

Wata shekara bayan an gama girbin masara, na je Ikara duba wani rago mai tari. Ina wanke hannu sai na hango, ta kan katangar maƙwabta, wata taya mai faɗi ta leƙo daga ƙarƙashin tamfol. Na tambayi mai ragon, ya ce ta wani dattijo ce da ya yi shekaru yana aikin walda a Fatakwal, ya dawo gida yana noman tumatir. Gwiwoyinsa sun daina lanƙwasuwa, don haka ya ajiye babur ɗin, kuma an ce yana neman mai saye.

Ni da mai ragon muka je ƙofar gidan muka yi sallama, dattijon ya fito. Dogo ne, farin gemu, hannayensa duk tabon wuta. Bayan mun gaisa sosai, na tambayi gida da gona, ya yaye tamfol ɗin. Ja ne, ƙirar Japan, fentin tankin ya koɗe daidai inda cinyar mutum ke gogawa, robar gefe ɗaya ta tsage an ɗinke ta da waya. Duk da haka da na gan shi sai na ji ya shiga raina.

Bayan kwana uku na komo da abokina bakanike. Na roƙi dattijon kada ya tayar da shi kafin mu zo, domin abokina ya ce inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Da isarmu ya ɗora tafin hannunsa a kan salansa, ya ji ta da sanyi, sannan ya ce a tayar. Bugu na biyu ya kama. Ƙarar ba irin ta baburanmu ba ce, wata murya ce mai kauri da nake ji har cikin ƙirjina. Abokina ya tsuguna ya kalli hayaƙi, ya ja sarƙa, ya matsa birki, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu. Daga nan ya leƙa mitar da ke ƙirga tafiya.

"Dakta," in ji shi, haka yake kirana idan yana tsokana, "ai wannan bai yi wata tafiya ba. Dubi lambar."

Dattijon ya girgiza kai. "A'a, ɗana, kada lambar nan ta ruɗe ku. Ta cika sau ɗaya ta koma sifiri. Wannan zagaye na biyu take yi. Ina kan babur ɗin ta juya, a hanyar Lokoja."

Ya shiga ɗaki ya jawo wani buhu, ya zazzage shi a kan tabarma. Tsofaffin kayan babur ne: sarƙoƙi, fulogogi, faifan kuloci, takalman birki da suka cinye. Duk abin da ya taɓa cirewa bai yar ba. Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana gaya mana garin da aka canza shi da dalilin canzawar. Da ya gama ya ce shokar gaba tana yoyon mai, kuma idan ana tafiya a hankali injin yana shaƙewa, ya rasa wanda zai daidaita masa.

Abokina ya ja ni gindin wani darbejiya. "Kada ka saya," ya ce. "Fulogi huɗu, kafireta huɗu, ni ban taɓa buɗe irinsa ba. Yana shan mai. Kayan gyaransa sai Kano, wani ma sai an aiko daga Legas. Kuma hanyoyin da kake bi da damina ba nasa ba ne."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Na ce masa a aikina na saba da masu sayar da dabba, na san mai ɓoye gurguntar saniya da wanda zai ɗaga maka ƙafarta ya nuna maka. Wannan tsohon ya ɗaga mana duka huɗun. Abokina ya ce to, amma kada in zo ina masa kuka.

Dattijon ma yana da nasa sharaɗin. Ya ce ba zai karɓi kuɗina ba sai ya ga na hau na je ƙarshen layi na dawo. Na tattare rigata na hau. Nauyinsa ya ba ni tsoro, ga shi ƙafafuna da kyar suke taɓa ƙasa. Na saki kuloci ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa.

"Malam," in ji dattijon, "kana sakinsa kamar ka riƙe garwashi. Yi masa a hankali, kamar yadda kake sakin ɗan maraƙi bayan allura."

Karo na uku na tafi. Na je ƙarshen layin, na kasa juyawa saboda wuyansa ba ya karyewa sosai, sai da na sauka na tura. Da na dawo ina zufa, ya ce ya yarda, domin wanda ya sauka ya tura ba zai kashe kansa ba. Ciniki bai yi tsawo ba. Bijimin da na yi kiwo a shekarar shi ya tafi a kai. Muka gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta takarda, aka kira mai unguwa ya shaida, dattijon ya haɗa mini da hular kwano da buhun nan nasa.

Daga Ikara zuwa Makarfi ban wuce giya ta uku ba. Abokina, wanda ya hau roba-robata, ya wuce ni yana ɗaga mini hannu, masu kekuna ɗauke da kara suna waiwayena. Sai da muka kai wani miƙaƙƙen wuri babu kowa, gonaki an girbe hagu da dama, na ɗan murɗa. Babur ɗin ya miƙe kamar dama abin da yake jira ke nan, iska ta cika mini riga, na ga roba-robar ta koma ƙarama a madubi. Na sassauta, na ji ina dariya ni kaɗai a cikin hular.

Gidanmu gidan karatu ne. Tun rasuwar mahaifinmu, yayana ne yake zama a zaure yana ba magidanta karatun littattafai da safe da kuma bayan La'asar. Na iso ana tsakiyar darasi, ƙarar ta sa kowa ya ɗago kai. Na kashe, na tsuguna na gaishe shi. Ya dubi babur ɗin ta saman tabaransa ya daɗe.

"Naka ne?"

"Nawa ne, Yaya."

"Da halalinka ka saya?"

"Bijimina na sayar."

"To Allah ya tsare, ya sa ka kashe shi da kanka. Amma abu biyu. Kada ka hau babu hular nan, kana da iyali. Kuma kada in ji muryarsa ana karatu."

Tun daga ranar, kowace safiya sai in turo shi daga cikin gida, in wuce zaure a hankali, in kai shi bayan masallaci kafin in tayar. Mutanen unguwa sun yi ta yi mini ba'a, wai na sayi babur ina masa dakon kansa. Ban ji haushi ba.

Gyaran ya ci mana rani guda. Shokar ba ta ba mu wuya ba, mun samo robarta a Kano. Shaƙewar nan ce ta gagara. Kowace Asabar ina rumfar abokina, mun kwance kafireta huɗun mun jera a kan tire, mun wanke, mun mayar, amma bai daina ba. A waya na ga yadda ake yi: dole huɗun su riƙa zuƙar iska daidai wa daida, kuma akwai na'urar da ake aunawa da ita. Ba mu da ita, ba mu kuma san mai ita ba. Na yi kwanaki ina kallon hoton, sai na lura ba komai ba ce illa ruwa a cikin tiyo. Tiyo kuwa ina da shi, irin wanda nake yi wa dabbobi ƙarin ruwa da shi. Na ɗauko sababbi, muka kafa su a jikin katako, muka zuba baƙin mai a ciki, muka haɗa bakinsu da injin. Abokina yana juya sukurori, ni ina kallon man yana hawa yana sauka ina ce masa ƙara, rage, tsaya. Da tsayin man a cikin tiyoyin ya zo daidai, muryar injin ta canza a kunnenmu, ta kwanta sumul. Abokina ya ajiye sukundireba ya zauna a kan benci yana saurare. Can ya ce, "Dakta, katakon nan a rumfata zai zauna."

Maganarsa ta damina ma ta tabbata. Ruwan farko na shiga wata hanyar rugar Fulani, tayar baya ta zame a taɓo, muka kwanta ni da babur ɗin a gaban mata masu tallan nono. Su suka taya ni ɗaga shi. Daga nan na raba musu aiki: roba-roba ta riƙe taɓo, shi ya riƙe kwalta.

Wata rana da hantsi zan je Likoro yi wa awakin wata tsohuwa allura, na tsaya shan mai a Tashar Yari. Sai ga wasu mahaya su biyar sun taho daga wajen Kano, baburansu sababbi fil, kowa da rigar fata. Ni kuwa ina cikin kaftani, jakar magani ɗaure a baya da roba. Babbansu ya cire hula ya zo muka gaisa, ya zagaya babur ɗina, ya roƙe ni in tayar. Ya ɗora hannu a kan tanki ya karkata kai.

"Yallaɓai, wannan ya girmi wasu daga cikinmu. Wa yake yi maka saitinsa? A Kaduna ko a Kano?"

"A Makarfi," na ce. "Ni da abokina."

Na ba shi labarin tiyon, ya kira sauran ya ce in maimaita musu. Ɗaya ya tambaya ko zan sayar, na ce a'a. Suka ce to mu jera, tunda hanyarmu ɗaya. Na shiga tsakiyarsu muka ɗauki hanyar Zariya, kuma ban zama na baya ba. Inda hanyata ta rabu da tasu na ba da hannu, suka danna mini ham suka wuce.

A Likoro na tarar tsohuwar ta ɗaure awakin tana jirana. Ta ce ƙarar abin hawana ta watsa mata kaji, don haka sai da na taya ta koro su daga bayan rumbu kafin na buɗe jakata.