Man zaitun da na soya da albasa

Shekarun baya can, tun Turawa na mulki, mahaifina ya tashi daga Wurno ya nufi Makka a ƙafa. Ban yi wayon da zan riƙe kamanninsa ba. Mahaifiyata ta yi ta jiransa tana sana'arta ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har Allah ya karɓi ranta. Ni kuma aure ya kai ni Goronyo, inda ban san kowa ba. Maigidana bafatake ne, sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba. Daga ni sai turmi da kaskon suya, kuma kaɗaici ya dame ni ƙwarai.

Wata rana da hantsi wani dattijo mutumin Rabah ya yi sallama. Ashe abokin tafiyar mahaifina ne, ya dawo shi kaɗai. Ya ce sun sauke farali, amma mahaifina ya rasu a hanyar dawowa. Bayan mun yi addu'a ya ciro wata 'yar kwalba naɗe cikin tsumma.

"Man zaitun na," in ji shi. "Yac ce in kai ma innarki don ciwon gwiwa. Tunda ba ta, ke ad da shi."

Ya ce zai shiga gari, jibi zai biyo kafin ya koma. Yana fita na buɗe kwalbar. Man kore-kore ne, yana ƙamshi kamar ɗanyen ganye. Na lasa, sai ga ɗaci, sai maƙaƙi ya kama mini maƙogwaro har na yi tari. Na tofar. Ni da nake ji da kaina a sanin mai, nan take na yanke hukunci: doguwar hanya ta lalata shi.

Ba ni da komai na mahaifina sai wannan, don haka na ce ba zan bari ya tafi a banza ba. Na yi masa abin da mahaifiyata ke yi wa man gyaɗa in ya daɗe. Na juye shi a kasko, na yanka albasa, na soya har ya yi hayaƙi, na tace na mayar cikin kwalba. Ɗaci ya tafi, maƙaƙi ya tafi. Har yaba wa kaina na yi.

Da dattijon ya dawo na miƙa masa da fara'ata. "Baba, man ya ɓaci, amma na gyara shi."

Ya shinshina, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, mi kinka yi mai?"

Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

"Wanga maƙaƙi shi na maganin," ya ce a hankali. "Shi ka hana mai lalacewa. Rumfa-rumfa munka bi, babanki na ɗanɗanawa, sai da yas samu wanda yas sa shi tari, yac ce wanga na na ƙwarai. Ƙafafunai sun tsage cikin rairayi, nic ce ya shafa ko kaɗan, yaƙ ƙiya. Yac ce na gida na."

Da ya tafi na zauna a tsakar gida da kwalbar a hannu, tana warin albasa kamar kowane mai na kasuwa. Babu wanda zan faɗa wa. Na yi kuka har la'asar.

Yanzu na tsufa. Jikata da ta karanci haɗa magunguna ta ce dattijon ya yi gaskiya: akwai sinadarai a cikin zaitun masu kare man daga lalacewa, suna kuma amfanar jiki, su ne masu maƙaƙin, kuma wuta mai tsanani na rage su. Takan sayo mini kwalba guda, tana tsokanata wai in ɓoye albasa. Nakan yi dariya. Tun daga lokacin dai na daina saurin gyara abin da ban sani ba.

Amma har yau abin na yi mini ciwo. Sau ɗaya tak na ɗanɗana saƙon mahaifina yadda ya aiko shi, shi ma tofarwa na yi.