Kawu Ba Ya Ragi

Raguna talatin da biyu muka ɗauko daga Doguwa, saura kwana biyu layya. Rabi nawa, rabi na kawuna, motar ma ta haɗin gwiwa ce. In mun shiga Kano kafin Sallah mun ci kasuwa, in ba mu shiga ba mun zama makiyaya.

Tun daga tashi motar take tari, ba ta da ƙarfin hawa. A Tudun Wada muka tsaya wurin wani bakanike, tsohon soja, wanda ya dawo daga yaƙi da gurguwar ƙafa da akwatin sifanu. Ya saurari injin, ya ce wutar ce ke makara, ba ta zuwa wa mai a kan lokaci. Ya fito da wani agogo mai allura ɗaya, ya haɗa shi da bututun roba a ƙasan kafireta, inda injin ke zuƙar iska.

Kawu ya leƙa. "Ƙarfe nawa ya ce?"

"Wannan ba na salla ba ne, Maigida. Numfashinta yake aunawa."

Ya sassauta noti, ya kama kan da ke raba wa fulogogi wuta yana murɗawa a hankali. Allura ta yi ta hawa, muryar injin ta washe. Da ta kai ƙarshe ta tsaya, sai ya ɗan mayar da hannu baya, ta sauko kaɗan.

Kawu ya cafke masa hannu. Mutum ne da tun da nake bin sa kasuwa ban taɓa jin ya yi wa kowa ragi ba, har surukinsa.

"Soja, ta kai can sama, kai kuma ka sauko da ita?"

"Haka ake yi. A kai ƙoli, a rage kaɗan. In ba haka ba, da ta ji kaya za ta ci kanta."

"Wa ya taya? Mayar min da ita inda take."

Na ce, "Kawu, a bar wa mai aiki aikinsa."

"Kai har yaushe aka haife ka?"

Sojan ya mayar, ya ɗaure noti, ya ce, "Motarku ce."

Da farko ta yi gudu, Kawu yana ta kallona yana shafa gemu. A hawan farko ta fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kafin Bebeji lagireto ya tafasa, ta mutu. Direbanmu ya ƙi kama handil ya murɗa ta tashi, ya ce za ta yi harbi. Kawu ya kira shi rago, ya kama da kansa, ta kuwa harbe shi a wuyan hannun dama, ƙashin ya karye. Da aka buɗe injin daga baya, fistin ɗaya ya huje.

A gindin wata tsamiya muka yi Sallah, raguna suna cin harawar mutane, mu muna ba da haƙuri. Huɗu na sayar wa mutanen ƙauyen, ɗaya muka yanka, ɗaya ya tafi wurin mai ɗori. Sauran ashirin da shida mahauta suka kwashe bayan Sallah, yadda suka taya. Kowane rago sai da Kawu ya yi ragi, da hannun hagu yana karɓa.