Zaren Awo Na Uku

A gidanmu ba a kai yara wurin tela, zare ake kai masa. Idan damina ta zo ƙarshe aka fara maganar buɗe makaranta, matata takan tsayar da kowane yaro a jikin ginshiƙin rumfa, ta ɗauko zaren buhu. Ta auna daga kafaɗa zuwa gwiwa ta ƙulla, ta auna faɗin kafaɗa ta ƙulla, ta auna hannu ta ƙulla. Sai ta ɗaura ɗan tsumma a bakin zaren don a san na wane ne. Haka ta ga mahaifiyarta tana yi a garinsu, Hawata. A nan Gadarif ma dabarar ta yi amfani, domin baƙar lakarmu ba ta barin a ja yara zuwa kasuwa, kana ɗaga ƙafa za ka bar takalmi a ciki. Aikina kawai in sa zare a aljihu in kai.

Bana yara biyu ne za su koma makaranta, babbar 'yarmu da ƙanenta. Akwai kuma jaririya da aka haifa mana da farkon damina. Ranar da zan tafi kasuwa, matata ta miƙo mini zaren a dunƙule, idonta yana kan tukunya.

"Baban yara, ka ce masa kada ya matse wuya kamar na bara."

Na ce to, na fita.

Telan namu dattijo ne mai yawan barkwanci, shagonsa yana bayan masu sayar da dawa. Ya warware dunƙulen a kan cinyarsa, ya jera zare ɗaya, ya jera na biyu, sai ya ɗaga na uku sama, gajere, yana lilo.

"Ya zol, bawan Allah, riɗi kake nomawa a gonakin Fashaga ko yara? Bara biyu ka kawo mini. Wannan kuma a wace gona ya tsiro?"

Na buɗe baki zan yi dariya, sai idona ya sauka a kan tsumman da ke bakin zaren. Shuɗi ne mai ɗigon fari. Na san zanen da aka yago shi. Da shi ake goya yaronmu na uku, wanda ya rasu yana dab da yaye. Da yana raye, bana zai shiga aji ɗaya.

Nan take na tuna abin da na gani a farkon makon ban kula ba. Matata ta kira ɗan maƙwabtanmu, wanda aka haifa mako ɗaya da namu, ta ba shi dabino, ta tsayar da shi a jikin ginshiƙin rumfa. Na ɗauka wasa take yi da shi. Ashe tsawon ɗanta take nema a jikin ɗan wani.

Tela ya ga fuskata. Ya ajiye zaren a hankali, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri. Bakina ya riga hankalina. In ɗinka biyu?"

Na zauna a kan buhun ƙyalle.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na san yadda magana ɗaya take zama a gida ta ƙi fita, domin ni na faɗe ta. Matata ta iya renon jarirai da abin da ke cikin gida. Takan karɓo man riɗi daga wurin matsa, ta daka mahlab, wato 'yan ƙwayoyin nan masu ƙamshi, ta zuba a ciki, ta ɗora a garwashi ya yi ɗumi. Bayan wankan safe sai ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jariri a kai, ta shafe shi tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ta haɗa hannun dama da ƙafar hagu, ta saki, ta juya shi. Idan zafi ya fito masa a wuya ko cinya, bagaruwa take dakawa, ta tace da ƙyalle mai laushi, ta barbaɗa. Matan unguwa har aiko mata jariransu suke yi. Duk ɗakinmu ƙamshin man nan yake.

Shekarar da yaron ya kwanta, ina Fashaga wurin yankan riɗi. Riɗi ba ya jira, in ka makara sai ya fashe ya zube a ƙasa, don haka da aka aiko cewa yana zazzaɓi na ce zan zo in an gama layin da muke kai. Na iso an riga an kai shi makwancinsa. Na shiga ɗaki, mata cike, sai na ga kwalbar mai a gefen gado. Ban yi sallama ba, ban tambayi komai ba. Na ce, "Da mai za ki warkar da shi?"

Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa matata ta goya shi ta ratsa laka har asibiti, ba takalmi, kuma an yi masa duk abin da ake yi. Man da na gani, ƙafafunsa take shafawa don sun yi sanyi. Na ji wannan, ban nemi gafarar matata ba. Na bar shi a kan cewa lokaci zai wanke. Allah ya yafe mini.

Tun daga ranar kwalbar ta ɓace. Jariran unguwa suka daina zuwa. Da aka haifi wannan jaririyar, matata tana yi mata wanka, tana shayar da ita, tana goya ta, ba ta rage komai ba sai abu ɗaya: hannunta ba ya daɗewa a jikinta. Tana tsane ta da tawul za ta sa mata riga da sauri, kamar mai tsoron kada ta bar mata wani abu a fata. Wuyan yarinyar ya yi ja, fatar ƙafafunta ta bushe tana ɓarewa. Ina gani. Nakan sayo man shago in ajiye, in same shi yadda na ajiye.

"Ɗinka uku," na ce wa tela.

Ya dube ni, ya ɗauki almakashi.

Daga nan ban nufi gida ba. Na bi ta wurin matsar mai, inda raƙumi yake zagayawa da ido a ɗaure, na karɓi kwalba ɗaya tana da ɗumi. Na tsaya wurin mai kayan ƙamshi na ce a ba ni mahlab da bagaruwa. Na daɗe ina zagaye a unguwa kafin in shiga.

Na same ta a ƙarƙashin rumfa tana wanke jakar makarantar babbar 'yarmu. Na ajiye kayan a gabanta. Ta dubi kwalbar, ta ci gaba da cuɗa jaka.

"Na ga zaren," na ce. "Na ce ya ɗinka."

Hannunta ya tsaya a cikin kumfa.

"Ba manki ba ne ya yi masa komai. Na sani tun a makon. Ni ne ban zo ba, na rasa inda zan ajiye abin, na ajiye a kanki a gaban mutane."

Ba ta ɗago ba, cewa kawai ta yi, "An ce a aske wa yaron nan kai kafin Lahadi. Malamai ba sa son suma."

Kwalbar ta kwana a inda na ajiye ta. Washegari ma haka. Na daina sa rai.

Ranar da aka buɗe makaranta, yara suka tashi da hayaniya. Babbar tana kukan an ɓoye mata fensir, ƙanen yana cewa, "Wa zai saci fensirin da kika cinye rabinsa?" Uwarsu ta raba faɗan, ta sa musu gurasa a jaka. Riga ta uku kuwa tun da na karɓo take a ninke a kan akwati. Da safen nan ta ɗauke ta, ta leƙa ta kan danga, ta miƙa wa maƙwabciyarmu. "Yaya, ga ta ɗanki. In ta yi masa yawa a naɗe hannun."

Ba ta yi masa yawa ba. Na tsaya a ƙofa na ga su uku sun bi hanya suna tsallake kwatami, ƙaramin yana baya, yana gudu don ya cim musu. Daga bayansu ba ka ganin fuska. Na riƙe ƙofar har suka sha kwana, kuma ban san sunan wa na kusa kira ba.

Da na dawo ciki, jaririya ta fito daga wanka tana kuka. Ban tambayi kowa ba, na zuba mai a murfin kwano, na ɗora a garwashi, na jefa mahlab ko dakawa ban yi ba. Na zauna na miƙe ƙafafu yadda na sha gani, na ɗora ta. Tafin hannuna duk kanta ne, kamar bawon itace. Ina taɓa ta ta ƙara tsala ihu.

Matata tana tsaye a bakin ɗaki da tawul a kafaɗa.

"Ya yi zafi," ta ce. "A bayan hannu ake gwadawa."

Na gwada, na hura, na sake shafawa.

"Ba haka ba. Buhu kake ɗinkewa? Za ka karya mini ita."

Ta zo ta zauna, ta janye yarinyar zuwa ƙafafunta. Ta tsoma yatsu a man, ta riƙe su a sama yana ɗiga, har na ɗauka za ta goge a zane. Sai ta ɗora a maɗigar. Ta gangaro wuya, ta bi kafaɗa, ta haɗa hannun dama da ƙafar hagu. Kukan ya ragu. Ƙamshin ya cika rumfar, shi ne dai na wancan ɗakin, sai da na fita waje na tsaya.

Riɗi ya nuna a wannan makon, motar Fashaga ta tafi ba tare da ni ba. Zaren na uku tela ya mayar mini da shi a aljihun rigar. Matata ta rataye shi a ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa, inda ake awo. Ban tambaye ta ba ko baɗi za ta ƙara masa tsawo.