Ruwan da Ya Toshe Lagireton Lawal

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na bi Lawal direba zuwa yankan ciyawa a wajen garin Babban Mutum. Ina rubuta wannan ne domin sababbin ma'aikatanmu. Zan taƙaita a kan abin da na gani da idona, inda kuma ban tabbata ba zan faɗa.

A lokacin ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, aka ɗauke ni jami'in kula da lafiyar injuna a wata ƙungiyar manoma mai bayar da hayar tarakta a Daura. Manaja ne a sama, sai ni, sai bakanike, sai direbobi. Da damina aikinmu huɗa ne. Da kaka kuwa, idan ruwa ya ɗauke, sai mu ɗaura wa tarakta injin yankan ciyawa a baya, masu kiwo da fataken dabbobi su ɗauke mu haya, mu yanke musu abin da za su adana wa dabbobinsu saboda rani.

Ga wanda bai san aikin ba, ruwa ne ke sanyaya injin tarakta. Yana zagayawa cikin inji ya ɗauko zafi, ya kai shi lagireto, wato tankin nan mai siraran ƙofofi da ke gaba, fanka kuma ta jawo iska ta cikin ƙofofin ta huce shi. Idan ƙofofin suka toshe, ruwa ya tafasa, kan inji ya lanƙwashe, ko ma injin ya buga gaba ɗaya. Abin da ya fi toshe mana su shi ne ciyawar kyasuwa. Idan ta bushe, furenta yana tashi kamar auduga da zarar wuƙar inji ta taɓa ta, fanka kuma ta zuƙe shi. Ƙa'idarmu ita ce direba ya riƙa duban allurar zafi. In ta fara hawa, ya tsaya, ya bar inji yana aiki a hankali har ya huce, sannan ya kashe, ya zare ragar gaba ya kakkaɓe, ya hura iska daga bayan lagireto zuwa gaba. A bushe ake yin wannan aiki.

A cikin mako guda aka dawo mana da taraktar Lawal daga filin da yake yanka a Babban Mutum tana tafasa, aka wanke, ta koma, aka sake dawo da ita. Manaja ya kira ni ofis.

"Injiniya, ko dai motar ce ba ta da lafiya, ko direban ne ba ya kula. Ka duba motar?"

Na ce na duba. Fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka, bai saki ba, famfon ruwa yana aiki, murfin lagireto yana riƙe da kyau, babu yoyo.

"To, ka amsa mini ke nan. Gobe a ba wani makullin."

Ban yi nufin yanke wa kowa hukunci ba, kuma a wajenmu direban da aka karɓe wa makulli a tsakiyar kaka sai dai ya jira wata daminar. Lawal magidanci ne mai iyali. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ce shi ne ban ga matsala a gareji ba. Ban ga motar tana aiki a gona ba tukuna." Ya dube ni kamar mai shirin yin tsaki, sannan ya ce in je in gani, amma in dawo masa da amsa guda, ba bayani ba.

Washegari da sassafe muka kama hanya. Na zauna a gefen Lawal ina riƙe da ƙarfe, idona a kan allura. Ya ga haka ya yi murmushi.

"Injiniya, in ka ci gaba da kallonta haka, za ta hau don kunya."

Na yi dariya, amma ban ɗauke ido ba. Na tambaye shi ko yana da wani zato game da abin da ke faruwa. Ya ce, "Allah dai Ya sawwaƙe," ya mai da hankali ga hanya.

Filin babba ne, a gefen wata fadama, kyasuwa ta kai ƙugu kuma ta bushe sosai. Na sauka na tsaya a inuwar wata bishiyar gawo. Lawal ya fara yanka, fure ya turnuƙe, har wani lokaci ba na hango komai sai kan hularsa. Na kasa tsayawa wuri guda. Ina bin sa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina saurarar ƙarar inji, ina tunanin ko akwai abin da na tsallake a gareji. Da hantsi ya yi, sai na ga ya tsaya da kansa. Na ƙarasa da sauri. Allura ta ɗan haura tsakiya ne kawai. Ya bar inji ya huce, ya kashe, ya zare raga ya kakkaɓe, ya ɗauko famfon iska. Ko ni da na karanta ƙa'idar ba zan yi abin da ya fi haka ba. Sai hankalina ya ƙara tashi, domin in direba yana kula, to ni ne ban gano ciwon motar ba.

Bai kai ga fara hura iskar ba sai ga amalanken shanu ta nufo mu, ɗauke da jarkoki. Wani dattijo mai farin gemu yana tafe a gabanta, magidanta biyu suna biye da shi. Kafin in ankara, Lawal ya ajiye famfo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Na gaishe da dattijon ni ma. Shi ne Alhaji Idi, mai filin, falken raguna ne sananne a wajen.

"Sannunku da aiki. Kai ne sabon injiniyan? Madalla. Kai, wannan rana! Ku sauke ruwan nan, ku ba ta ta sha."

Na zaci ban ji daidai ba ne, mu za a ba ruwan sha. Sai na ga Alhaji da kansa ya karɓi bokiti, ya sheƙa a gaban tarakta, daidai kan lagireto. Ya sake cikawa ya sake sheƙawa. "Ko bijimin huɗa in ya sha rana ana jiƙa masa jiki," in ji shi, "balle wannan da ba ta hutawa." Na buɗe baki, na dubi Lawal. Bai ɗaga kai ba. Na yi shiru, domin na ɗauka wataƙila akwai wani abu na gona da ban sani ba, kuma ina tsoron in yi gyara a gaban mutane alhali ban tabbata ba. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne inji ya riga ya huce, da ba haka ba, ruwan sanyin zai iya tsaga ƙarfe.

Alhaji ya ce za su koma rijiya su ƙaro, suka juya. Lawal ya tashi, ya gwada hura iska, ba abin da ya fito. Ya mayar da raga ya hau. Ni ma na hau tare da shi. Ba mu kai ƙarshen layi ba allura ta wuce tsakiya. Muka juyo, ta ci gaba da hawa. Na ji warin zafi.

"Tsaya, Lawal! Tsaya!"

Da inji ya huce muka zare raga. Furen da ke manne a lagireto ya sha ruwa, ya haɗu da ƙasa da sabon furen da fanka ta zuƙo, ya zama kamar bargo. Na ɓamɓaro wani yanki da yatsa. Ƙarfin ruwan ya tura sauran can cikin ƙofofin, inda zafi ya fara gasa shi kamar tubali.

"Lawal, ka san ruwan nan ne ke jawo wannan?"

"Na sani, Injiniya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Ka sani, ka yi shiru?"

Ya goge hannu a rigarsa. "Surukina ne. 'Yarsa nake aure. Kai ma ɗan ƙasar nan ne. Ko sunansa ba na faɗa, sai in ce masa ya yi kuskure a gaban yaransa?"

"To, Manaja fa? Me ya hana ka gaya masa?"

"In je ofis in ce surukina ne ke lalata motar ƙungiya? Gara a karɓi makullin."

Na gaya masa cewa makullin kuwa ana shirin karɓa. Na ɗaga kai, sai na hango amalanken ta fito daga fadama, tana dawowa.

Ban san adadin maganganun da na shirya na rushe ba kafin ta iso. Na yi tunanin in ce ƙungiya ce ta hana taɓa mota da ruwa, amma babu wannan doka, kuma ba na so in faɗi abin da ba haka ba. Na yi tunanin in ce masa kawai ya bari, amma dattijon da ya bar harkokinsa ya ɗebo ruwa a rana don kyautatawa, bai kamata yaro kamata ya tare shi da umarni ba. Da suka matso, na tafi na tarye shi, na russuna, na ce, "Baba, don Allah akwai abin da nake so in nuna maka, kai kaɗai." Ya ce wa mutanensa su dakata.

Na kai shi gaban tarakta, na ɓamɓaro bargon nan na sa masa a tafin hannu. Na nuna masa ƙofofin, na ce ta nan take numfashi. Na ce furen in yana bushe iska na fitar da shi, in ya jiƙe sai ya liƙe. Ya murza abin da yatsunsa, ya daɗe yana kallo.

"Wato ni ina ganin ina shayar da ita, ashe hancinta nake toshewa."

"Niyyar alheri ce, Baba."

"Bar maganar niyya." Ya nuna Lawal da haɓa, ba tare da ya dube shi ba. "Shi wannan ya sani?"

Lawal yana durƙushe dab da mu, yana jin komai. Duk amsar da zan bayar sai ta taɓa wani. Na ce, "Ya sani, Baba."

Na fara nadamar zuwana. Sai Alhaji ya gyara tsayuwa ya fuskance ni sosai.

"Injiniya, ka gaya wa direbanka, da motar nan 'yata da jikokina ke cin abinci. In ba zai iya faɗa mini ba, ba shi da aboki? Ba shi da mata da za ta gaya wa uwarta?"

Na juya na maimaita wa Lawal, kamar bai ji ba. Ya ce, kansa a ƙasa, "Ka ce masa na ji. A yi haƙuri."

Na juya na ce, "Baba, ya ce ya ji."

"Ai na ji ya ji," in ji Alhaji. Ɗaya daga cikin magidantan ya kasa riƙe dariya, ya ɓuya bayan amalanke.

Ruwan da suka kawo bai tafi a banza ba. Tun da lagireton ya riga ya jiƙe, muka wanke shi yadda ya kamata, daga baya zuwa gaba, a hankali, har ruwa ya riƙa fitowa fari. Muka bar shi ya bushe sarai kafin mu tayar. Jiran ya yi mini tsawo ƙwarai. Da muka koma yanka, ban sauka daga motar ba har la'asar. Allura ta hau sau da dama kamar yadda aka saba, Lawal ya tsaya ya kakkaɓe a bushe, ta sauka. Ba ta ƙara kusantar ja ba.

Saura Manaja. A hanya na yi ta juya abin da zan faɗa, domin gaskiyar ba ta wanke Lawal gaba ɗaya ba. Da na shiga ofis ya ce, "Mota ko direba?" Na ce amsa guda ba za ta yi daidai ba, na ba shi labarin tun daga farko. Na ce Lawal yana bin ƙa'ida fiye da yadda muke zato, amma ya tuƙa mota yana sane da cewa lagireto a toshe yake, wannan kuma laifi ne. Manaja ya tallabe haɓa.

"Wa ya tura shi gonar surukinsa?"

"Mu ne, ranka ya daɗe. Mun ga shi ya fi sanin hanyar."

Ya sa aka kira Lawal, ya yi masa faɗa sosai, ya ce in ya ƙara ɓoye abin da ya shafi inji ba zai saurari kowa ba. Sannan ya tura masa makullin a kan tebur. Lawal na fita, Manaja ya ce da ni a hankali, "Ni ma da nawa surukin ne, da injin ya buga."

Abin da na koya shi ne, direba yana iya sanin aikinsa sarai amma ya kasance a wurin da ba shi da bakin magana, kuma aikinmu ne mu hango wannan tun daga ofis. Ku koya wa masu gona, tun kafin a fara yanka, cewa ba a watsa wa lagireto ruwa. Kuma kafin ku tura direba wani fili, bayan kun duba mai da ruwa da fambel, ku tambaye shi mene ne tsakaninsa da mai filin. In ya sunkuyar da kai bai faɗi sunan ba, ku tura wani, ko ku bi shi.