Na Kulle Wa Asibiti Intanet Na Tafi Biki

A shekarun da man fetur ya yi tsada, gwamnati na ta raba kwamfutoci a makarantu, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na jami'a, ina karanta haɗa kwamfutoci da tsare su daga masu kutse. 'Yar Ƙanƙara ce ni, kuma mata ba mu da yawa a ajin. Samarin kan tsokane mu cewa duk abin da mace ta haɗa, kafin la'asar sun shige shi. Maganar ta tsaya mini a rai fiye da yadda na nuna.

Da aka zo aikin kammala karatu, na roƙi wani likita abokin Babanmu mai ƙaramin asibiti a garinmu ya bar ni in haɗa masa kwamfutocinsa da intanet, yadda zai riƙa tura hoton ƙashi ga wani ƙwararren likita a Zariya ya ji shawararsa nan take. Na yi, ya yi kyau. Sai dai na ɗaure shi tamau: in aka yi kuskuren kalmar sirri sau uku, komai zai rufe sai na zo da kaina. Likita mai asibitin ya ce in koya wa ma'aikaciyar jinyarsa, ko in bar masa kalmar ya adana. Na ce masa malaminmu ya hana. Malaminmu bai hana ba, hasali ma ya sha gaya mana kada tsaro ya rataya a wuyan mutum guda. Tsoro nake kada wani ya taɓa, samarin nan su samu ƙofa.

Da damina na tafi Damari bikin 'yar ƙanwar Innarmu. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cinye hanya, ba mota ba babur. Washegari da hantsi na hau wani tudu neman sabis, sai ga kiran Likita. Ya ce tsawa ta kashe na'urar, ta dawo tana neman kalmar sirri, ga shi an kawo wani manomi daga Pauwa da amalanke ta danne wa baya, yana son ƙwararren ya duba hoton kafin a motsa shi. Na fara karanto masa haruffan, murya na yankewa saboda ƙarancin sabis. Ya buga, ta ƙi. Na maimaita da ƙarfi, ta ƙi. A na uku sai ya ce mini ta rufe.

Ban san yadda na wuni ba. In sauka gidan biki, in kasa zama, in koma tudu, in gangara bakin rafi in tarar ruwa bai janye ba. Mata na guɗa, ana miƙo mini waina. Har na roƙi wani mai babur ya gwada ƙetarawa da ni, ya ce yana da iyali.

Da ruwa ya janye na iso Ƙanƙara, an riga an ɗauki mutumin a bayan a-kori-kura zuwa babban asibiti, a kan hanya mai gargada. Ya rayu, amma bai sake taka ƙafarsa ba. Na tambayi Likita ko da hoton ya isa da abin ya canja. Ya ce Allah kaɗai ya sani, ya miƙo mini biro in rubuta masa kalmar.

Aikin ya samu maki mafi girma a ajinmu, har aka yabe ni kan tsananin tsaronsa. Na karɓi yabon, ban gaya wa kowa ba.

Har yau in na ga mutum a keken guragu sai na kalli fuskarsa, alhali ban taɓa ganin manomin ba. Ɗalibai 'yan'uwana, in an ba ku amanar tsare na'urorin jama'a, ku tuna masu wurin aka ce ku kare, ba sunanku ba. Ku bar mabuɗi a hannun wani kafin ku sa ƙafa a mota.