Birkin Mamuda

Idan ka shiga kasuwar Makarfi ta ɓangaren 'yan rake, za ka ga wani mutum zaune a kan buhu, ƙafarsa ta dama miƙe a gefe, yana fere rake yana yanka shi gaɓa-gaɓa. Mamuda ke nan, mutumin Nasarawan Doya. Mai rake ake ce masa yanzu, ni kuwa ban taɓa kiransa haka ba, kuma ba zan fara ba. Direba ne. Shekara shida ya yi yana jan 'yar ƙurƙura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, tsakanin Makarfi da Kudan da Ikara, ko kaza bai taɓa takewa ba. Ni ne Ilisha mai walda. Ni na ɗora shi a kan babur ɗin, ni kuma na sauke shi da hannuna, shi ya sa nake bi ta bayan rumfuna idan hanya ta kai ni wajensa.

Yana ɗan shekara tara abin ya same shi. A wajen matsar rake ne, inda doki ke zagayawa yana juya injin. Dokin ya firgita ya harbe shi a cinya. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama, amma a karkace. Ƙafar ta tashi gajera da yatsa huɗu, gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, tafin kuma ya juya waje. Tun daga nan aka yanka masa aikinsa a gandun gidansu: korar tsuntsu, tsaron awaki, jiran buhuna a bakin hanya. Gandu kuwa kowa ya san yadda yake, gona ɗaya, rumbu ɗaya, magana ɗaya, ta babba. Da mahaifinsu ya rasu sai maganar ta koma bakin yayansa Tanko. Mamuda ya kai talatin da biyar ana aikensa sayen ashana.

Shekarar da masara ta yi albarka, Tanko ya ce gandu zai sayi 'yar ƙurƙura a huta da neman motar ɗauko amfanin gona. Abin da ke rumbu bai kai ba. Mamuda yana da gayauna, 'yar gonar da aka ware masa tasa ta kansa, sai ya kwashe masararta kaf ya zuba a ciki. Bai kira shaida ba. Na tambaye shi daga baya, ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya ce wa ke kiran shaida tsakaninsa da wanda suka sha nono ɗaya? Abin da ya samu a madadin masarar magana ce guda daga Tanko, wai in ya iya, shi zai ja. Ban ji da kunnena ba, amma na san Tanko, da dariya ya faɗe ta.

Wani maƙwabcinsu ne ya tuƙo babur ɗin zuwa rumfata, Mamuda yana zaune a akwatin baya. Bayan mun gaisa, gaisuwar da ta kai har kan awakina, ya sauko ya nuna mini ƙafar ba tare da kunya ba. Ya ce hannuwansa lafiya lau, ƙafar hagu mai sa giya ita ma lafiya lau, birki ne kawai ya yi masa nisa. Na sa ya hau. Gaskiyarsa ne. Kafin ya kai ga birkin sai ya zame daga sirdi ya karkace jiki gaba ɗaya, kuma tafin da ya juya waje yana goce wa ƙarfen. Da buhu goma a baya, wannan mutuwa ce.

Na ce masa ya haƙura ya nemi wanda zai ja masa. Bai yi gardama ba, bai kuma tafi ba. Ya zauna a kan bencina har la'asar yana kallon ina gyaran ƙofar wani. Haushi ya sa na tsinko kara na auna ƙafar tasa daga gwiwa zuwa diddige, don dai in nuna masa ba zai yiwu ba. Da na ɗora karan a jikin babur sai na ga zai yiwu.

Kwana huɗu muka yi. Washegari ya zo da tsohon bakin garmar mahaifinsa a cikin buhu, ya ce ƙarfen da ne, ba ya lanƙwasa. Na yanko shi da faɗin tafin hannu, na ɗaga matakin birkin sama, na juya shi waje daidai yadda ƙafarsa ta juya. Na ɗaure notin sandar birki yadda zai kama da ɗan taɓawa, na cire sifirin mai tauri da ke dawo da matakin sama na sa mai laushi. Inda yake ajiye diddige na kafa masa katako na naɗe da robar taya. Mu ɗana, ya hau, ya zaga fili, ya dawo ya ce ya yi sama da yawa. In kwance. Ya ce yanzu kuma ya yi ƙasa. Sau uku ina jefar da sifanar ɗaure noti ina cewa ya kai wa wani. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ɗauko mini ita.

Rana ta huɗu ya taho a guje daga bakin titi, ya taka, babur ya tsaya cak a gaban rumfata. Bai sauko ba. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa a kan ƙarfen.

"Ilisha," ya ce, "tun da dokin nan ya harbe ni ba a taɓa yin wani abu daidai ni ba. Ko takalmi."

Na juya na kama share ƙasa.

Daga nan Mamuda ya zama mutum a idon waɗanda da ba sa ganinsa. Rake daga fadamun Kudan, tumatir zuwa Ikara, masara daga gonakin Saulawa, duk mai kayan da ba ya son a zubar masa a hanya shi yake nema. Ya san kowane rami da kowace gangara. A shekara ta biyu ya auri Azumi, bazawara mai tuyar ƙosai a bakin tasha, wadda ta ce ita abin da ta gani shi ne mutum mai fita da safe ya dawo da ƙura a fuska. Abin da ya samo kuwa gandu yake kai wa, kamar yadda aka saba. Na sha ce masa ya je su yi magana da Tanko a san na wane ne babur ɗin. Sai ya buga matakin birkin da tafin hannu ya ce ga takardarsa nan, a duk gidansu, wa zai iya hawa in ba shi ba? Ni ma da wautata na yarda. Har alfahari nake yi da hakan, ina nuna wa mutane aikina.

Tanko yana da ɗa, Zulkifilu, dogo sambal, wanda ya je Zariya neman aiki ya dawo da waya da askin zamani. Ya ga yarinya a Saulawa. Iyayenta suka yi tambayar da kowane iyaye ke yi: mece ce sana'arsa? Tanko ya duba gidansa, bai ga sana'ar da ta wuce wadda ke ƙarƙashin ƙanensa ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Azumi ta gaya mini cewa bayan an ci tuwo ya kira Mamuda ya ce masa ya gaji haka nan, shekaru sun fara ja, a bar wa yaro. Mamuda ya ce to. Azumi ta ce ta ƙona ƙosai kasko biyu tana jiran ya faɗi wata kalma bayan wannan, bai faɗa ba.

Tanko bai zo rumfata ba, kuma wannan ne ba zan yafe masa ba. Sai ya aiko Mamuda. Shi ya tuƙo babur ɗin da kansa, Zulkifilu na zaune a baya yana latsa waya. Muka gaisa kamar kullum, sannan ya ce in mayar da birkin yadda kamfani ya yi shi.

Na ce ba zan yi ba. Da na huce na kawo dabara: in yanke ƙarfen in huda shi, ya zama na ɗaurawa da noti biyu. Zulkifilu ya ja da safe, Mamuda ya ɗaura nasa ya ja da yamma, ko su raba kwanaki. Aikin rabin awa ne, kuma na ce ban son ko sisi. Na ga idon Mamuda ya ɗan yi haske, ya juya ya dubi ɗan yayansa.

Zulkifilu ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba ya ƙi ba ne, amma Baba ya ce a cire duka, a goge, a shafa fenti. Dangin yarinyar za su zo ganin babur ɗin ran kasuwa.

"Kada su gani su ce keken guragu ne," ya ce a hankali. Sai ya tuna wanda ke tsaye kusa da shi. "Yi haƙuri, Baba Mamuda."

Mamuda ya ce babu komai. Ya dube ni ya ce, "Yanke, Ilisha. In ba ka yanke ba wani zai yanke, kuma zai ɓata sandar."

Na yanke. Abin da muka yi kwana huɗu muna aunawa, ko minti biyar bai ɗauka ba. Na fincike katakon, na mayar da sifirin mai tauri, na goge tabon walda har ya yi sumul, na shafa baƙin fenti. Aiki mai kyau na yi, kuma ina jin haushin kaina a kan haka har yau. Da na yi shi a karkace, ko alama ta rage.

Shi kuwa Mamuda ya durƙusa da ƙyar a gefen babur, ya sa Zulkifilu ya hau ya taka, ya ce in sassauta notin kaɗan, ƙafar yaron tana da nauyi, zai iya kifar da kaya. Ya gaya masa gangarar da ke kafin shiga Kudan ba a sauka da giya ta uku, ya gaya masa ramin da ruwa ke rufewa da damina. Zulkifilu yana cewa to, to, idonsa a kan fentin.

Na ɗauko guntun garmar daga ƙasa, na tsoma shi a ruwa ya huce, na ce zan ajiye masa a rumfa, wa ya sani ko wata rana ya samu nasa babur ɗin. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya goge shi da bakin rigarsa.

"Yaya ya ce in koma da shi," ya ce. "Garmar Baba ce. Ta gandu ce."

Ya sa shi a aljihu, ya dafa akwatin baya ya ja jikinsa ya hau, ya zauna inda na fara ganinsa shekara shida da suka wuce. Zulkifilu ya tayar, suka nufi titi. Daidai bakin kwalta wata tunkiya ta ratso gabansu. Ina tsaye ina kallo, kafin Zulkifilu ya ankara, gajerar ƙafar nan ta ɗaga daga cikin akwatin ta taka, a karkace, daidai yadda na auna ta. Babu komai a ƙarƙashinta.